Mok ko na bogi, wanne za ka saka a gwaji?

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka ta jiya da daddare, ka ce kana da sabis na oda a Spring Boot (tsarin gina manhaja da yaren Java) wanda ake miƙa masa ma'ajiyar bayanai da abin tura SMS ta kwanstirakta (wato a lokacin da ake ƙirƙirar sabis ɗin), to a gwaji wanne ya fi, mok na Mockito (laburaren Java mai ƙera abubuwan kwaikwayo don gwaji) ko ka zauna ka rubuta na bogi da hannunka.

Gaskiya aikinsu ba ɗaya bane. Shi mok bai san komai ba sai abin da ka sa masa a baki, ka rubuta when da thenReturn ya maimaita maka, daga baya ka zo da verify ka tambaye shi an kira ka? sau nawa? Na bogi kuwa kilas ne mai aiki da gaske sai dai an sauƙaƙa shi, kamar HashMap (ƴar ma'ajiya a cikin memori) a madadin Postgres (ma'ajiyar bayanai ta gaske), ka ajiye oda ka dawo ka tarar da ita.

Wajen SMS ɗin mok kawai, ba sai ka tsaya dogon tunani ba. So kake ka tabbatar saƙo ya tafi sau ɗaya zuwa lambar da ta dace ba tare da an ci maka ko sisi ba, in kuma kana son ganin abin da zai faru idan netwok ya ɗauke, thenThrow (mai sa mok ya jefo kuskure) layi ɗaya ya wadatar.

Ma'ajiyar ce dai don Allah kar ka yi mata mok. Na taɓa yi a wani aiki, kowane gwaji sai na jera when biyar shida kafin in iso kan abin da nake son gwadawa, ranar da muka sauya findById (nema da lambar ID) da wata hanyar nema sai gwaje-gwaje suka zube rututu alhali manhajar lafiyarta ƙalau, haka na kwana ina gyaran abin da bai lalace ba. Na bogi sau ɗaya za ka rubuta kowa ya ɗauka. Sai dai shi ma fa ba ya ganin kuskuren SQL (yaren da ake tambayar ma'ajiya da shi), don haka ka ware ƴan gwaje-gwaje da Testcontainers (mai tayar maka da ma'ajiya ta wucin gadi don gwaji) su taɓa Postgres na ainihi.

Kuma tunda ta kwanstirakta kake karɓa, new kawai za ka kira ka ƙirƙiri sabis ɗin ka miƙa masa mok ɗin da na bogin, ba ruwanka da @MockBean (alamar da ke sa Spring ya saka maka mok), shi sai ya tayar da Spring tukuna gwajin ya yi ta jan ƙafa. Daga Spring Boot 3.4 ma @MockitoBean ake so a koma a madadin @MockBean.