Yaya, kafin ka sayi fulat a Ingila ka tambayi shekarun da suka rage

Assalamu alaikum Yaya Alhaji. Da fatan kai da iyali kuna lafiya, ya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonka kan fulat ɗin da kake so ka saya wa yara a Manchester saboda karatu, har da hoton da dillalin ya turo maka. Gini ya yi kyau, farashi ma ya yi daɗi, amma ka dakata tukuna.

Yawancin fulat a Ingila, idan ka saya, ƙasar da ginin ke kai ba taka ba ce, haka ma rufi da matakala da bangon waje. Abin da kuɗinka ya saya shi ne ikon zama na wasu shekaru, galibi 99 ko 125, wani lokacin 999, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka rubuta takardar farko, ba ranar da kai ka biya ba. Idan wa'adin ya cika, gida ya koma hannun mai ƙasa. Gidaje kusan miliyan 5 ne a Ingila suke kan wannan tsari. A Landan akwai unguwannin masu hannu da shuni irin su Mayfair da Belgravia, inda ƙasa mai yawa take hannun iyalin mai sarautar Duke na Westminster tun kaka da kakanni.

Na san za ka ce ai mu ma haka ne, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, kuma takardar mallaka da ake bayarwa shekara 99 ce. Gaskiya ne. Sai dai a Kano ban taɓa jin an rage wa gida kuɗi don takardarsa ta ci shekara talatin ba. A nan kuwa lauyan mai saye abin da zai fara dubawa ke nan, banki ma haka. Idan shekarun sun yi ƙasa sosai ba za su ba da bashin gida ba, har bankunan Musulunci, don haka ranar da ka tashi sayarwa sai mai tsabar kuɗi a hannu, shi kuma tayin wulaƙanci zai yi.

Lambar da kowa ke tsoro ita ce 80. Muddin shekarun da suka rage sun haura 80, kuɗin ƙarin wa'adi da sauƙi. Da zarar sun faɗo ƙasa, sai a lissafa darajar da gidan zai ƙaru da ita bayan an tsawaita, a cire ainihin kuɗin ƙarin wa'adin, a raba sauran biyu, mai ƙasa ya ɗauki rabi, ban da ainihin kuɗin. Mutumin da bai taɓa taka ƙafa a ginin ba ke nan fa. Namu fulat ɗin takardarsa ta 2007 ce, shekara 99, saura 81 lokacin da muka fara neman ƙarin wa'adi, shi ya sa muka ajiye batun canza mota.

Doka ta 1993 ta ba mai fulat dama ya tilasta wa mai ƙasa ya ƙara masa shekara 90 a kan abin da ya rage, kuɗin ƙasa da ake biyan mai ƙasa shekara-shekara kuma ya koma ƙwayar masoro ɗaya, wadda ba wanda ke zuwa karɓa. Mun fara ɗaukar mai ƙiyasta gidaje. Ya zo da ɗan injin awo mai jan haske, ya auna ɗakuna, ya tambayi ko mu muka sake kicin, domin gyaran da ka yi da kuɗinka ba a sa shi a lissafi. Daga nan lauya ta aika takardar sanarwa ƙarƙashin sashe na 42 na dokar da farashin da muka taya. Ranar da takardar ta isa, ranar agogo ya tsaya. Ko ciniki ya kai shekara, da lissafin wannan rana za a yi aiki. Mai ƙasa yana da wata biyu ya mayar da amsa, yana kuma iya neman kafin alƙalami na kashi 10 cikin 100 na farashin da aka taya. Idan ba a daidaita ba sai kotun kadarori ta yanke farashi.

Kamfanin da ke riƙe da ƙasarmu ya fara turo mana tayi ta bayan fage, wai ba sai mun wahala da doka ba: su cika mana zuwa 125 da araha, amma mu ci gaba da biyan kuɗin ƙasa har tsohon wa'adi ya ƙare. Lauyarmu ta karanta, ta ture takardar gefe, ta ce arahar yau ce tsadar gobe. Da muka bi hanyar doka, amsarsu ba ta zo ba sai a makon ƙarshe, da farashin da ya kusan ninka namu. Aka bar masu ƙiyasin biyu suna ja-in-ja ta imel har suka haɗu a tsakiya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, bayan ka biya lauyanka da mai ƙiyasinka, kai za ka biya lauyan mai ƙasa da nasa mai ƙiyasin. Kai ke ciyar da dokin da ke harbinka. Amma zan faɗi gaskiya, aikinsu a tsare yake. Ban je ofishi ko ɗaya ba, ban nemi wanda ya san wani ba, ba a ce fayil ya ɓata ba. Hukumar rajistar filaye tana nuna maka mai gida da wa'adinsa ta intanet da 'yan fam kaɗan, duk da cewa shigar da sabuwar takarda na cin watanni. Akwai kuma hukumar LEASE da ke ba da shawara kyauta. Kai da ka sha zirga-zirgar neman sa hannun gwamna, za ka yaba wannan.

A watan Mayun 2024 majalisa ta yi sabuwar doka da ta yi alkawarin shekara 990 da soke rabon nan na ƙasa da 80. An riga an cire sharaɗin sai ka riƙe gida shekara biyu kafin ka nema, tun ƙarshen Janairun 2025, amma ba a fara aiki da manyan sassan lokaci guda ba, masu ƙasa ma sun garzaya kotu. Maƙwabcinmu yana jira, shi nasa ya riga ya faɗo ƙasa da 80, ba abin da zai rasa. Mu da ke bakin gaɓa ba mu ga dalilin caca ba.

Saboda haka Yaya, ka ce wa dillalin ya turo shekarun da suka rage, da kuɗin ƙasa da yadda yake hawa, da kuɗin kula da gini na shekaru uku da suka wuce. Idan ya fara kame-kame, ka bar shi. In kuma aljihu zai ɗauka, ƙaramin gida mai ƙasarsa a Longsight ko Cheetham Hill ya fi, ga masallatai da shagunan halal kusa, amma shi ma a duba takarda, don a yankin nan har gidajen ƙasa akwai masu wa'adi. Ka turo min adireshin, ranar Asabar in sha Allahu zan je in gani da idona. A gaida Yaya Hajiya da yara.