METAR da TAF: Da Wanne Matuƙin Jirgi Zai Yi Aiki Idan Sun Saɓa?

Ɗan'uwanmu da ya fara karatun tuƙin jirgin sama a Zariya ya kawo tambaya a wannan zaure. Ya ce an koya musu rahotannin yanayi guda biyu, METAR da TAF, amma sau da yawa yakan buɗe na filin jirgi ɗaya ya tarar kowanne da abin da yake faɗa, to da wanne matuƙi zai yi aiki? Malam, Allah ya ba da sa'ar karatu. Wannan saɓani da ka lura da shi ba aibi ba ne a cikin rahotannin, hasali ma shi ne abin da ya fi cancantar ka zuba wa ido, domin a nan ne za ka gane ko yanayin yana tafiya yadda masu hasashe suka zata ko ya kauce musu.

METAR shaida ce ta abin da aka gani aka kuma auna a filin jirgi a wani lokaci takamaimai. Ana fitar da shi duk bayan rabin awa ko duk bayan awa ɗaya, gwargwadon filin, kuma idan abu ya sauya farat ɗaya kafin lokacin rahoto na gaba, sai a fitar da na musamman mai suna SPECI. TAF kuwa hasashe ne, mai nazarin yanayi ne ya zauna ya rubuta abin da yake sa ran zai faru a filin da kewayensa na kusa. A manyan filaye ana sabunta shi duk bayan awa shida, kuma yakan ɗauki tsawon awa 24 ko 30. A Najeriya hukumar NiMet ce ke fitar da su, a Nijar kuma ASECNA ce ke kula da na manyan filaye irin na Yamai, kuma duka tsari ɗaya suke bi na hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, shi ya sa matuƙin da ya taso daga Jidda zai karanta na Kano ba tare da tafinta ba.

Bari in kafa maka misali da na tsara da kaina, irin na safiyar hunturu a filin Malam Aminu Kano:

METAR DNKN 150800Z 06014KT 1200 DU NSC 17/02 Q1018 NOSIG

DNKN shi ne Kano. An yi awon ranar 15 ga wata da ƙarfe 8 na agogon duniya, wato ƙarfe 9 na safe a agogonmu, tunda Najeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya, kuma wannan awa guda ta sha rikita ɗalibai fiye da duk sauran alamomin. Iska tana busowa daga arewa maso gabas da gudun kusan kilomita 26 a awa, ido ba ya hangen abin da ya wuce mita 1,200, kuma DU na nufin ƙura ce ta cika sararin, NSC na nufin babu gajimaren da zai dami matuƙi, Q1018 kuwa awon nauyin iska ne. Zafi digiri 17 ne, matakin da raɓa za ta fara sauka kuwa digiri 2. Ka tsaya a kan waɗannan lambobi biyu, domin a Hausa hazo ɗaya muke cewa, amma a wajen matuƙi hazo iri biyu ne. Idan lambobin sun matso kusa da juna, iska ta jiƙe ke nan, hazon na laima ne, irin wanda ake rubutawa BR ko FG, kuma yawanci yakan watse idan rana ta ɗaga. Idan suka yi nisa da juna kamar a nan, iska a bushe take ƙayau, hazon na ƙura ne, kuma yana iya kwana biyu ko uku bai gusa ba. Shi kuma NOSIG da ke ƙarshe cewa yake ba a sa ran wani babban sauyi cikin awa biyu masu zuwa, kuma iyakar hangen gaban METAR ke nan.

Ga kuma TAF na wannan safiya a misalin namu:

TAF DNKN 150500Z 1506/1612 07012KT 3000 HZ NSC TEMPO 1507/1511 0800 DU

An rubuta shi awa uku kafin wancan METAR. Mai hasashen ya ce galibin lokaci za a hangi mita 3,000 cikin hazo, wato HZ, amma tsakanin ƙarfe 7 da 11 na agogon duniya ana iya faɗawa zuwa mita 800 jefi-jefi. Kalmar TEMPO tana da sharaɗi: kowane sauyi bai kai awa ɗaya ba, kuma idan aka haɗa su duka ba su kai rabin lokacin da aka ambata ba. BECMG kuwa sauyi ne da zai zo ya zauna, PROB30 da PROB40 kuma suna nuna yiwuwar kashi 30 ko 40 cikin ɗari. Wanda ya kalli 3000 a nan, ya kalli 1200 a can, zai ce ɗaya ya yi kuskure, alhali awon ya faɗo a cikin iyakar da hasashen ya zana. Inda za ka damu shi ne idan METAR uku ko huɗu a jere suka tsaya a kan 1200, ko suka yi ta sauka, domin a lokacin abin da aka kira na jefi-jefi ya zama na dindindin, kuma hasashen ya tsufa ko da lokacinsa bai ƙare ba. Sai ka duba ko an fitar da gyararre mai alamar AMD.

Kowanne yana da lokacin da ya fi nauyi. Kafin tashi, TAF ne ke yanke maka shawara, domin ba Kano ta yanzu za ka sauka ba, Kano ta bayan awa biyu ko biyar ce, kuma da shi ake lissafin man jirgi da zaɓen filin ko-ta-kwana, wato wanda za ka karkata zuwa gare shi idan sauka ta gagara a inda ka nufa. Idan ka matso sauka, sai nauyin ya koma kan awo: METAR na ƙarshe, sanarwar ATIS, wato bayanin yanayin filin da ake ta maimaitawa ta rediyo, inda ake da ita, da abin da hasumiya ta faɗa maka game da iska da nisan hange a kan titin jirgi. Babu matuƙin da zai sauka da hujjar cewa hasashe ya yi alkawarin gari zai washe.

A hunturu na fi ba TAF amana fiye da a damina, saboda ƙurar tana da asali da hanya. Mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta, kuma takan ɗauki yini ko fiye kafin ta iso ƙasar Hausa, hotunan tauraron ɗan'adam na Meteosat suna nuna ta tun tana hanya. Saboda haka kada ka tsaya a kan rahoton filin da za ka je kaɗai, ka duba na waɗanda ke gabas da arewa da shi, kamar Damagaram mai alamar DRZR da Maiduguri mai alamar DNMA, domin abin da ya rufe su yau yana iya zama baƙonka gobe. Abin da ya fi damuna a nan shi ne zaɓen filin ko-ta-kwana. Hazo ɗaya yana iya lulluɓe Kano da Katsina da Kaduna a rana guda, don haka filin da ya fi kusa ba lallai ne ya zama mafaka ba, dole ka karanta TAF ɗinsa da natsuwar da ka karanta na farko. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin Kano a irin wannan safiya, rana ta zama farin faifai da ido ke iya kallo, fitilun titin jirgi suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a cikin toka-toka, ya san cewa mita 800 ba lamba ba ce kawai. Akwai kuma yaudarar da rahoto ba ya nunawa: daga sama kana iya ganin filin sarai idan ka duba ƙasa tsaye, amma da ka karkato za ka sauka, kana duban ƙurar a kwance, sai titin ya ɓace maka.

Damina kuwa labarinta dabam ne, kuma a nan rahotannin biyu duka suna da gajiyawa. Hadarin ƙasarmu, musamman na farko da ƙarshen damina, yakan haɗu cikin ɗan lokaci, ya yi layi, ya taso daga gabas ya nufi yamma, iska mai ƙarfi da ƙura suna gabansa kafin ɗigon ruwa ya sauka. METAR da aka auna minti 25 da suka wuce yana iya cewa 9999, wato hange ya kai kilomita 10 ko fiye, alhali bangon hadari ya riga ya tsaya a gabashin filin. TAF kuma iyakarsa ya ce maka PROB30 TEMPO TSRA, wato tsawa da ruwan sama, tsakanin la'asar da dare, ba zai faɗa maka mintin da zai iso ba. A irin wannan lokaci sai ka ƙara da gargaɗin SIGMET, wanda ke magana a kan sararin hanya gaba ɗaya kuma ba ya wuce awa huɗu idan na hadari ne, da sabon hoton tauraron ɗan'adam, da radar da ke hancin jirgin. Sai dai ka riƙe cewa radar ɗigon ruwa take gani, ba ta ganin ƙura, ba ta kuma ganin girgizar iska a sarari marar gajimare, kuma hadari mai kauri yana iya ɓoye wani a bayansa. Duk inda ka ga haruffa biyun nan CB a cikin kowanne daga rahotannin, to an gaya maka akwai gajimaren tsawa, kuma a ƙarƙashinsa ne iska ke juyawa ba zato.

Mun ga abin da wannan juyin iska ke yi. A ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC da ya tashi daga Abuja zai tafi Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa cikin mummunan yanayi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu da rahama. Irin wannan iska tana faruwa ne cikin mintoci kaɗan a kan faɗin 'yan kilomitoci, ƙasa da abin da awon rabin awa ko hasashen awa shida zai iya kamawa, shi ya sa a irin wannan hali jinkirin minti 20 a ƙasa ya fi duk wata takarda da ke hannunka daraja.

Game da manhajojin waya da kuke amfani da su, yawancinsu waɗannan rahotanni suke kwasowa su fassara su zuwa launuka, saboda haka ka fara duba lokacin da aka yi awon kafin ka duba launin, domin kore na awa uku da suka wuce bai gaya maka komai ba game da yanzu, kuma ƙananan filaye ba duka ke aika rahoto dare da rana ba. Bayanin da ofishin yanayi na filin jirgi zai ba ka kafin tashi shi ne na hukuma.

Idan kana son abin ya zauna maka, ka ɗauki littafi na mako guda. Kowace safiya ka kwafe TAF na DNKN da na DNAA, wato Abuja, sannan ka riƙa rubuta METAR ɗinsu a gefe duk bayan awa uku, ka yi alama a duk inda hange ko iska suka fita daga iyakar da aka hasasa, ka kuma lura da ƙarfe nawa hakan ya fi faruwa. Ka yi shi sau ɗaya a Janairu, ka sake yi a Yuni, sannan ka kai wa malaminka littafin ku duba tare.