foobar2000 da Picard: yadda suka yi mini a aikin gyaran rumbun waƙoƙi

Manhajar foobar2000 ba ta da kyan gani, gara a faɗa tun da wuri. Wanda ya buɗe ta karon farko zai tarar da layukan rubutu ne zalla, ba ado ba kwalliya. Peter Pawłowski ya fitar da ita a 2002, kyauta, kuma har yau ba ta damu da burge ido ba. Amma wajen juya fayilolin sauti da jera su, ban taɓa riƙe wadda ta kwantar mini da hankali kamarta ba.

Tarin fayilolin WAV, wato sautin da ba a matse ba, da na kwafo daga faifan CD ne ya kai ni gare ta. Sautin CD yana cin kusan megabait 10 a kowane minti, wato albam mai tsawon awa ɗaya ya haura megabait 600. FLAC, tsarin matse sauti wanda Josh Coalson ya fitar da cikakken zubinsa na farko a 2001, yakan rage wannan nauyi zuwa rabi ko kashi biyu cikin uku, ba tare da ya zubar da komai na sautin ba. Juyin bai da wuya. Ka sauke ƙarin kunshin da ake kira Free Encoder Pack, ka zaɓi fayilolin, ka danna dama, ka shiga Convert. Za ta tambaye ka matakin matsewa, daga 0 zuwa 8. Kada wannan ya ɗaga maka hankali: sautin ɗaya ne a kowane mataki, girman fayil da lokacin aiki kawai ke bambanta, kuma tsakanin 5 da 8 ratar ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da ya fi saye zuciyata shi ne ɗan ƙarin da ake kira Binary Comparator. Ka ba shi WAV na asali da FLAC ɗin da ya fito daga gare shi, ya gwada su ƙwaya bayan ƙwaya, ya ce maka babu bambanci. Sai da na ga wannan amsa na iya goge WAV ɗin da zuciya ɗaya. Shi ma FLAC yana ɗauke da hatimin MD5 na sautinsa a cikinsa, wato wata lambar tantancewa da aka lissafo daga sautin, don haka ko bayan shekaru ana iya gane fayil ɗin da ya lalace.

Masu kayan Apple su sani cewa manhajar Music ba ta karɓar FLAC cikin rumbunta, ALAC take so, wato takwaran FLAC na Apple. Juyawa daga wannan zuwa wancan, ko a dawo da shi, ba ya rage komai. Wanda kuwa ya juya MP3 zuwa FLAC da fatan sauti zai gyaru, ya ci wuri ne a banza. Abin da MP3 ya zubar ya tafi ke nan. Ka duba irin wannan fayil a Spek, manhajar da ke zana hoton sauti, sau da yawa za ka ga an yanke saman sautin ƙat a wajajen 16 kHz idan asalinsa MP3 ne mai 128 kbps.

Wahalar gaske tana wajen bayanan da ke maƙale a jikin fayil: sunan waƙa, mawaƙi, albam, shekara, lamba. Akwai gurbin mawaƙi, akwai kuma gurbin mai albam, kuma rashin cike na biyun ne ke watsa albam ɗaya mai baƙin mawaƙa zuwa gida goma a waya. A nan MusicBrainz Picard ta shigo, manhajar da ke cike waɗannan bayanai daga ma'ajiyar waƙoƙi ta MusicBrainz da ke intanet. Tana da hanyoyi biyu. Ta farko, Scan, yana sauraron waƙar ne ta AcoustID, tsarin gane waƙa daga sautinta, ya nemo ta, amma da yake waƙa ɗaya kan fito a albam na asali, ta sake fitowa a kundin zaɓaɓɓu, yana iya raba 'yan albam ɗaya wurare daban-daban. Na fi samun daidai idan na fara da Cluster, na tara su wuri guda, sannan na yi Lookup, wanda ke nemo albam ɗin ta bayanan da ke jikin fayilolin. Ko da hoton faifan ya koma ruwan zinare, alamar duk waƙoƙin sun cika, ina sake duba wane bugu ta zaɓa, domin bugun farko da wanda aka sabunta daga baya sukan bambanta a shekara da yawan waƙoƙi. 'Yan sa-kai ne ke cike ma'ajiyar MusicBrainz, saboda haka abin da ba wanda ya shigar, da hannu za ka rubuta shi. Wannan aikin zama ne, ba manhajar da za ta ɗauke maka shi.

Idan bayanan suka daidaita, sai a koma foobar2000, sashen File Operations. Layi ɗaya nake ba ta:

%album artist%\%date% - %album%\%tracknumber% %title%

Da shi take gina folda-folda, ta sauya sunaye, kuma tana nuna maka yadda za su kasance kafin ta taɓa komai. Ka karanta wannan jerin a tsanake. Duk inda ka ga wani ɓangare na sunan bai fito ba, akwai gurbin da ba a cike ba.

ReplayGain, mai daidaita ƙarfin sauti, nake bi da shi daga ƙarshe, a tsarin albam, don kada wani faifai ya yi ƙara wani ya yi ƙasa-ƙasa. Lamba kawai take rubutawa a bayanan fayil, sautin yana nan yadda yake. Na waya kuma, daga FLAC ɗin nake fitar da kwafin Opus, wani tsarin matse sauti irin MP3, mai 128 kbps, na mota MP3 saboda tsofaffin rediyoyi ba su san Opus ba. Hoton bangon albam kuwa, nakan bar Picard ta saka shi tun kafin juyin, sannan in tabbatar na kunna zaɓin kwafe shi a Convert, in ba haka ba kwafin waya zai fito ba hoto.