Shelly Dimmer 2 da ƙwayayen LED: sharhi bayan an yi amfani da ita a Nima

Na'ura ce ƙarama kamar akwatin ashana, ana cusa ta a bayan makunnin bango, daga nan sai ka riƙa ƙara hasken ɗaki ko rage shi da wayarka. Guda biyu aka ɗaura a wani gida a unguwar Nima da ke Accra: ɗaya a falo mai ƙwai shida masu wat 7, ɗaya a ɗakin kwana mai ƙwai ɗaya tak, wat 9. Tana aikinta yadda ya kamata. Sai dai jin daɗinta ya rataya ne a kan irin ƙwan da ka saya da kuma wayoyin da ke cikin bangonka.

Ƙwan LED yana da ƴar na'ura a gindinsa mai daidaita wutar da ke shiga. Ita kuwa mai rage haske datse wutar take yi, sau 100 a daƙiƙa guda a kan wutarmu ta Ghana mai bolt 230. Idan ba a ƙera ƙwan don ya jure wannan datsewa ba, sai ya yi ta kokawa da ita: ya riƙa ƙyaftawa, ya yi ƙugi kamar sauro, ya mutu da wuri. Don haka in ka shiga shagunan kayan wuta na Opera Square a Accra, kada ka tsaya ga "yana yi, Alhaji" na mai shago. Juya kwalin da kanka ka ga an rubuta "dimmable", wato mai jure rage haske. Ka sayi dukan ƙwayayen ɗaki guda iri ɗaya, kamfani ɗaya, wat ɗaya. In ka gauraya, wani zai mutu a kashi 20 cikin 100 alhali ɗan'uwansa yana nan da haskensa.

Sai batun nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, inda aikin yake cin lokaci. A gidaje da yawa wayoyi biyu ne kawai ke saukowa akwatin makunni: mai kawo wuta da mai kai ta ƙwan. Nutural tana can sama a silin. Wannan na'ura tana iya aiki ba nutural, amma da sharaɗin ƙwayayen da ke kanta su ci aƙalla wat 10. Falo ya tsallake, tunda wat 42 ne. Ɗakin kwana bai kai ba, kuma alamar a fili take: an kashe wuta amma ƙwan yana ɗan ƙyalli cikin duhu. Dalili shi ne na'urar tana zuƙo ƴar wutar da take rayuwa da ita ta cikin ƙwan, shi kuwa LED kaɗan ya ishe shi. Maganinsa wani ɗan ƙaramin abu mai suna Shelly Bypass, a haɗa shi a gindin ƙwan tsakanin wayoyinsa biyu, ba a wajen makunni ba. Idan bututun bango yana da sarari, jawo nutural ya fi, hasken ya fi zama a ƙasa-ƙasa.

Kada launin waya ya ruɗe ka. Tsohon aiki ja da baƙi ne, sabo ruwan ƙasa da shuɗi, amma baƙar waya a akwatin makunni sau da yawa ba nutural ba ce, mai kai wuta ƙwan ce. A gwada da mita, a kashe wuta daga babban akwati, aikin kuma a bar wa mai gyaran wuta mai lasisin Hukumar Makamashi. A duba zurfin akwatin ma: mai milimita 25 ba zai ɗauki na'ura da makunni da wayoyi ba, sai mai 35 ko 47. Matsi yana tara zafi, akwatin ƙarfe kuma yana rage ƙarfin Wi-Fi, wanda dama na 2.4 GHz kaɗai take kamawa.

Bayan haɗawa, a sa dukan ƙwayayen a yi gwajin daidaitawa da ke cikin manhaja. Fitilun za su yi ta hawa da sauka na ɗan lokaci, a ƙyale su. Duk ranar da aka sauya ƙwai a sake shi. A tsayar da mafi ƙarancin haske daidai inda ƙyaftawa ke tsayawa. A falon nan wajen kashi 12 ne. Makunni irin na ƙararrawar ƙofa ya fi dacewa: ka taɓa ta kunna, ka danne ta ƙara ko ta rage, tsofaffin gida ba sai sun nemi waya ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne dumsor, wato yawan ɗauke wuta. A saita ta ta koma yadda take kafin a ɗauke wuta, in ba haka ba wuta ta dawo ƙarfe 2 na dare ɗaki ya haskaka kamar rana. A kan janareta ko inbata mai arha kuwa ƙugi da rawar haske kan dawo, domin wutarsu ba ta da santsin ta layi. Fanka kada ta kusanci wannan na'ura ko kaɗan.

Da Home Assistant, manhajar sarrafa na'urorin gida, a kan ƴar kwamfutar nan Raspberry Pi take nuna amfaninta, don umarni yana tafiya a cikin gida ko data ta ƙare, muddin an ba ta adireshi tsayayye a rauta. A Accra rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, sai a sa falo ya hau kashi 60 gab da magariba, ya sauka 25 bayan isha'i. Akwai kuma tsarin lokutan salla a cikin Home Assistant. Da shi ɗakin kwana ke kunnuwa a kashi 15 minti 20 kafin asuba, a hankali, ba tare da an tashi yara ba.