Filashin damben Dick Tiger: na saya don in raba gardama, sai ya ƙara mata wuta

Kusan wata biyu muna musu ɗaya da Kawu a ƙofar gida bayan la'asar. Shi ya tsaya kai da fata cewa Dick Tiger, tsohon zakaran damben duniya ɗan Najeriya, ɗan ajin matsakaicin nauyi ne, na fam 160, kuma hawansa ajin fam 175 neman kuɗi ne kawai irin na wanda tsufa ya kama. Ni kuwa na ce wanda ya karɓe kambun duniya a hannun José Torres a Disambar 1966, yana da shekara 37, ba za a ce ajin bai karɓe shi ba. Da baki ya ƙi raba mu, sai na je wurin yaron nan mai tura fina-finai a bakin kasuwa, wanda ke tallar filashin tsofaffin damben Turawa, na ce ya haɗa mini na Tiger kaf. Na biya kuɗinsa, har da ɗan ƙarin da yake yi idan ya ga mutum ya ƙagu.

Abu ɗaya na roƙe shi, na maimaita har sau uku: damben Ibadan na ranar 10 ga Agusta 1963, wanda Tiger ya kare kambunsa da Gene Fullmer a filin wasa na Liberty, Fullmer ya kasa fitowa bayan turmi na bakwai. Kawu a rediyo ya ji shi yana ɗan yaro, bai taɓa gani da ido ba. Yaron ya ce mini yana ciki, har ya nuna mini sunan a kwamfutarsa.

Ranar Asabar na shimfiɗa tabarma, na fito da talabijin, na tayar da janareta da man da na saya da kuɗina, aka dafa shayi. Kawu ya zo da abokansa biyu, dattawa. Na danna fayil ɗin da aka rubuta wa Ibadan. Sai ga wani dogon mutum siriri kamar sandar rake yana zagaya Tiger. Bob Foster ne. Damben Mayun 1968 ne a zauren wasanni na Madison Square Garden da ke New York, wanda aka kwantar da Tiger da naushin hagu a turmi na huɗu. Na ce ƙila kuskuren suna ne, na buɗe na gaba. Foster. Na buɗe wani can ƙasa mai lamba kawai. Foster kuma! Sau uku aka kashe mini gwani a gaban dattawa, a kan tabarmata, da man janaretana.

Kawu ko ɗigon haushi bai ji ba, dariya ya yi har hularsa ta karkace. "To ɗana, ga ajin naka nan," in ji shi. Kuma me zan ce? Tiger ƙafa 5 da inci 8 ne, Foster ƙafa 6 da inci 3. Kafin ya kutsa ciki ya kai ga haƙarƙari, inda ya fi ɓarna, sai ya ratsa ta hannun da ya fi nasa tsawo nesa ba kusa ba. A daren nan da na ga yaron, da mun yi ba daɗi.

Washegari da na huce na zauna ni kaɗai na bi sauran, sai zuciyata ta ɗan yi sanyi. Karawa biyu da Torres suna nan cif, hoto tas. Damben Rubin Carter na 1965 ma yana nan, inda Tiger ya kai shi ƙasa sau uku. Wannan kam na kalla na sake kalla, kuma gaskiya ɗaya ce, hujjar Kawu ce: a fam 160 Tiger ne ke tura mutane baya, ƙafafunsa kamar an dasa turmi a ƙasa. Sai dai a wannan ajin ne masu gudu da wayo suka ba shi wahala. Joey Giardello ya ƙwace masa kambu da maki a Disambar 1963, sai a 1965 ya karɓo abinsa. Emile Griffith, da ya hauro daga ajin ƙasa, ya sake raba shi da shi a Afrilun 1966. Torres kuwa ya tsaya aka yi ƙirji da ƙirji, abin da Tiger ke so ke nan.

A damben farko da Torres nauyin Tiger fam 167 ne, ƙasa da iyakar ajin da fam 8. Nan na gane ni da Kawu duk muna jan igiya a banza. Ajin da ya dace da jikinsa a wannan shekaru shi ne na fam 168, kuma sai a shekarun 1980 aka kafa shi, alhali ya rasu tun 1971. Na faɗa wa Kawu haka, ya ce wannan dabarar mai gudun faɗuwa ce.

Na so in ce filashin ya biya kuɗinsa saboda Torres da Carter. Amma da na koma wurin yaron ranar Litinin, ko haƙuri bai ba ni ba. Idonsa na kan waya ya ce, "Yallaɓai, haka na samo shi." Na ce ya goge Foster biyu ya sa mini Ibadan, ya ce sai dai in ƙara kuɗi ya bincika. In ƙara kuɗi a kan abin da na riga na biya! Ga shi damben Griffith sautinsa ya riga hoto, kana jin ihun 'yan kallo kafin naushi ya sauka, rabin daɗin ya tafi.

Duk mai son saya, kada ya bar shagon sai an buɗe masa kowane fayil a gabansa. Kawu har yau bai ga Ibadan ba, kuma duk sanda na wuce majalisa sai ya ɗaga hannun hagu ya tambaye ni lafiyar Foster.