Tankin Murjani na Farko a Legas: Abin da Za Ka Saya da Abin da Za Ka Bari

A Legas abu biyu ne suka fi kashe murjani, halittar teku mai rai da ake kiwo a tankin ruwan gishiri na gida: ɗaukewar wuta da zafi. Ko a Agege kake, ko Idi-Araba, ko Obalende, da su za ka auna duk kayan da mai shago ya nuna maka. Kuma kusan komai daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, domin gaɓar tekunmu ba ta da dandalin murjani irin na Bahar Maliya ko Indunusiya. Laka da ruwan daɗin da koguna irin su Neja ke zubawa ba sa barin sa ya kafu.

Mu fara da girma. Tankin lita 30 zuwa 40 ya fi araha, ga shi ko a kan tebur ya zauna, shi ya sa sabon shiga ke ruga masa. Ban ba ka shawararsa ba. Ƙaramin ruwa yana saurin ɗaukar zafi, kuma da ɗan abin da ya ƙafe gishiri ya hau. Lita 75 zuwa 100 ya fi haƙuri da kuskuren mai koyo. Sai dai ka tanadi mazauni mai ƙarfi, don tankin lita 80 da ruwansa da duwatsunsa ya haura kilo 100. Tsakanin tankin da ya zo da matata da famfo a ɓoye a bayansa da wanda za ka harhaɗa da kanka, na farkon ya fi sauƙi ga mai farawa.

Batun wuta shi ne inda kuɗinka ya fi cancantar zuwa. Murjani zai jure kwana ɗaya ko biyu babu fitila, amma idan famfo ya tsaya ruwa ya kwanta, iskar da kifi ke shaƙa takan ragu cikin sa'o'i, ruwan ɗumi kuwa dama bai riƙe ta da yawa. Janareto yana taimakawa in kana gida, to ranar da ka tafi kasuwa ko ka yi tafiya Arewa bikin Sallah fa? Inbata mai batir ta fi, ita ke karɓar aiki da kanta, kuma famfunan ƙaramin tanki ba su da cin wuta. Ko layin wutarka na rukunin A ne, wato waɗanda aka fi ba wuta, kar ka dogara da shi kaɗai. Ka haɗa da ɗan injin hura iska mai batir, ba shi da tsada. Wani abin lura: wutarmu bolt 230 ce, kayan da aka yi don kasuwar Amurka kuwa na bolt 120 ne. Ka karanta jikin kowace na'ura, ko ka nemi na Ingila, waɗanda filoginsu ma irin namu ne.

Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27. In ya daɗe a wajen 30 sai ya koɗe ya yi fari, daga nan mutuwa. Ɗakin Legas a Fabrairu da Maris kuwa kowa ya san yadda yake. Fanka ƙarama da ke hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, amma damshin garin nan yana rage mata ƙarfi. Na'urar sanyaya ruwa ita ce tabbas, sai dai tsada da cin wuta. In ɗakin ba shi da iyakwandishan kuma ba za ka iya sayenta ba, gara ka jinkirta murjanin. Hita kam bar ta a shago, sai in ɗakin na kwana da sanyi sosai.

Kar ka ɗebo ruwa daga lagun ko bakin teku a Lekki. Gishirinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga dattin gari. Ruwan burtsatse da na leda su ma ba ka san abin da ke cikinsu ba. Sayi matatar RO/DI, wadda ke cire kusan duk abin da ya narke a ruwa, ka dama gishirin tanki irin Instant Ocean, Red Sea ko Tropic Marin har ma'auni ya nuna 1.025. Gishirin miya ba ya yi. Wajen awon gishiri, rifiraktomita, wadda ake ɗiga wa ruwa a leƙa ciki, ta fi haidiromitar roba mai allura gaskiya, araha ba ta ado. Ruwan da ya ƙafe kuma da tataccen ruwa zalla ake cike shi, domin gishirin bai tafi ko'ina ba.

Dutse mai rai, wato wanda ya riga ya zauna a teku ko a wani tankin, yana zuwa da bakteriyar da ake so, amma yakan ɓoyo ƙwari. Busasshe ya fi araha da tsabta, sai dai jira. Ko wanne ka ɗauka, ba wa tankin mako 4 zuwa 6, sai gwaji ya nuna babu amoniya da nayitrayit, sinadarai masu guba ga kifi, kafin wani abu mai rai ya shiga.

Za a nuna maka murjanin Acropora mai tauri da rassa, kyakkyawa ƙwarai. Bar shi tukuna, fitila mai ƙarfi yake so da ruwan da ba ya sauyawa. Fara da masu laushi: mai siffar laima, da koren nan mai shimfiɗuwa kan dutse, da Zoanthus. Wasu daga dangin na ƙarshen na da dafi mai haɗari, don haka sa safar hannu, kare idonka, ka hana yara taɓawa. Kifi biyu na ocellaris, ruwan lemo masu ratsin fari, waɗanda aka ƙyanƙyashe a tanki, sun ishe ka. Shuɗin kifin da ake kira tang yana girma ya fi ƙarfin wannan tanki.

Ranar saye, ka ce wa mai shago ya ba kifin abinci a gabanka. Wanda ya ƙi ci, bar shi. Ka je da sassafe riƙe da kula mai riƙe sanyi, don ledar kifi ba ta jure cunkoson gadar Third Mainland da tsakar rana.