Shagon gyaran keke na titin Bauchi da aikin ɗaura faifan haƙora

Keken da ba shi da firiwil, wanda fedarsa ke juyawa muddin tayar baya tana juyawa, bai yawaita a Jos ba, kuma masu gyaran da suka fahimci cibiyar tayarsa sun fi shi ƙaranci. Akwai wani ƙaramin shago a gefen titin Bauchi, inda wani dattijo yake aiki da yaransa biyu, wanda na gamsu da aikinsa a kan faifan haƙora na baya da zoben da ke kulle shi.

Cibiyar irin wannan taya tana da tiredi hawa biyu. Na ciki, mai faɗin inci 1.37, shi ne mazaunin faifan, kuma ana ɗaure shi ta dama kamar kowane noti, don haka taka feda gaba ƙara masa ɗauri yake yi. Na waje ya ɗan fi ƙanƙanta, inci 1.29 a yawancin cibiyoyi, kuma ta hagu ake ɗaure zoben da ke hawa kansa. Hikimar ita ce, idan mahayi ya danne feda baya domin rage gudu, faifan zai nemi kwancewa, sai ya ja zoben zuwa ɓangaren da yake ƙara ɗauruwa. Wanda ya taɓa gangarowa daga tudun unguwannin Jos da yamma, ga motoci ga Keke Napep, ya san cewa lafiyarsa tana rataye da wannan ɗan zobe.

Abin da ya fi burge ni shi ne Baba ba ya kusantar wurin da guduma da sukundireba, kamar yadda ake yi a wurare da dama har a farfasa bakin zoben. Yakan wanke tiredin da kananzir, ya shafa giris, ya fara murza faifan da yatsu har ya tabbatar ya hau daidai, sannan ya ɗauko sifana mai guntuwar sarƙa ya ɗaure shi da dukkan ƙarfinsa. Sai bayan haka yake kawo zoben, ya ɗaure shi da sifana mai ƙugiya. Kuma ba ya sallamar mutum a nan. Zai ce, "Malam, hau ka taka da ƙarfi ka dawo," domin nauyin ƙafa yana ƙara zaunar da faifan, ya bar 'yar tazara tsakaninsa da zoben, wadda dole a sake toshewa. Idan aka bar tazarar nan, faifan zai riƙa motsi gaba da baya duk lokacin da aka danne feda, kuma tun da shi ƙarfe ne, cibiyar kuwa alminiyom, tiredin cibiyar ne zai cinye, a wayi gari sai an sake ɗinka tayar gaba ɗaya.

Na kuma ga ya ƙi aikin da wani zai karɓa ya ci kuɗinsa. Wani matashi ya kawo tayar firiwil mai tiredi hawa ɗaya yana so a liƙa mata faifan da gam, Baba ya ce ba zai yi ba, domin babu inda zoben hagu zai zauna. Haka nan yana duba zoben kafin ya ɗora, saboda na kamfanonin Campagnolo da Phil Wood inci 1.32 ne, ba ya zama a cibiyar kamfanin Shimano ko da ya yi kamar zai hau.

Wajen kulawa, yana auna sakin sarƙa ya bar kimanin santimita ɗaya a inda ta fi ɗauri, yana duba ko haƙoran sun fara lanƙwasa, kuma yana tsawata wa yaransa kada su goge sarƙa taya tana juyawa, tun da wannan keke ba ya tsayawa idan ya kama yatsa. Shawararsa ita ce a kawo keken a farkon damina da kuma lokacin ƙurar hunturu.

Inda shagon ya gaza shi ne kaya. Faifai mai haƙora 16 kawai yake ajiyewa, alhali idan faifan gaba, na wajen feda, mai haƙora 48 ne, duk lokacin da aka kulle taya wuri ɗaya ne yake gogar kwalta, mai 17 kuwa yana rarraba cin zuwa wurare 17. Mai son wannan sai ya yi oda daga Legas ya jira, kuma ya faɗi faɗin sarƙarsa tun farko, domin siririyar sarƙa ba ta hawa faifai mai kauri. Kuɗin aiki ma ba a ƙayyade yake ba, don haka a yi ciniki kafin a kwance taya.